Yinin Bazara a Dajin Gadabeji: Tafiyar Ƙasa da Kallon Namun Dawa

A lissafin manoman Gobir shekara tana da yanayi huɗu, wato damina da kaka da ɗari da bazara, kuma bazara ita ce watannin da ke tsakanin janyewar iskar hunturu da saukar ruwan shuka, daga Maris zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da zafi a Maraɗi kan haura digiri 40 da tsakar rana, tabkuna su ƙafe, guga ya ƙara nisa a rijiya. Waɗannan watanni sun zo daidai da lokacin da ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa ke fita daga sanyin ƙanƙara, itatuwansu su yi toho, shi ya sa masu fassara kan ari kalmar bazara su ba wancan yanayi, ko da yake can sanyi ne ke sassautawa, nan kuwa zafi ne ke kai maƙura. A kudu maso yammacin Amurka akwai hamadar da koguna suka tsattsaga suka bar kwaruruka masu zurfi da bangon dutse a tsaye, mafi shahararsu Grand Canyon a jihar Arizona, wanda kogin Kwalarado ya haƙa, mai tsawon kilomita 446 da zurfin da ya zarce mita 1,800 a wasu wurare, aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1919. A irin waɗannan watanni jama'ar can kan ɗauki ruwa da guzuri su yini suna tafiyar ƙasa a cikinsa, ba su riƙe da bindiga ko gatari, bukatarsu kawai su ga ragon dutse da tsuntsaye da furen da ruwan sanyi ya fitar.

Abin da sharhin na yau ke son ɗorawa a gaban mai sauraro na Cadakori da Gidan Rumji da Agye da Gazawa shi ne cewa wannan al'ada ta fita daji don gani tana da wurin yinta a cikin jihar Maraɗi kanta, kuma ilimin da take bukata yana nan a ƙirazan mahalba da makiyaya, sai dai 'ya'yan ƙasar ne suka fi kowa ƙarancin cin moriyarta, abin da ya kamata ya dami duk mai kishin wannan yanki.

Ƙasar Gobir ba ta da kwarin dutse irin na Arizona, kwarurukanta na rairayi da laka ne, su ne ake kira gulbi. Gulbi a bakin mutanen Maraɗi faffaɗan kwari ne da ruwa ya haƙa tun zamanin da ƙasar ta fi yanzu laima, wanda a yau ruwa ke bi na 'yan watanni, ko ya daina bi gaba ɗaya ya koma kwance a ƙarƙashin rairayi inda saiwar itace ke iya cim masa. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya, ya shigo Nijar ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya zuba a kogin Rima. Gulbin Kaba, wanda ya bi ta Mayahi, ya samo sunansa daga kaba, ganyen ƙananan goriba da ake saƙa tabarma da igiya da shi. Can arewa, a ƙasar Dakwaro, kwarin Tarka ne ya shimfiɗu, kuma a wajajensa ne dokar 1961 ta shata iyakar da noma bai kamata ya ƙetare ba, domin a bar wa dabbobi makiyaya, iyakar da gonaki suka daɗe da tsallakewa. Duk wanda ke neman dabbar daji da bazara, kwarin zai bi, don a nan ne ganye ke saura bayan tudu ya bushe.

Kwarurukan dutse na haƙiƙa suna Azbin, arewa da Agadas, ƙasar da tarihin baka ya ce daga cikinta Gobirawa suka gangaro kudu. A can ne dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, a can ne kuma ruwan sama ke taruwa a kwarmin dutse tsakanin bango biyu ya daɗe bai ƙafe ba saboda rana ba ta samunsa sosai, kamar wanda ke kusa da Timiya, garin lambunan lemo da rumman da dabino. Ragon dutse yana hawa waɗannan bangaye, shi da sauran 'yan tsirarun mena, wato babbar barewa mai fari a ciki da ja a wuya wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ari sunanta. An keɓe wani yanki na Azbin da Tenere a 1988, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan nan ta mai da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke a arewa. A Dabus, kan hanyar Agadas zuwa Arlit, akwai siffar raƙumin dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsawonta ya haura mita 5, shaidar cewa inda yau babu ko ciyawa, a dā daji ne mai ciyar da dabba mafi tsawo a doron ƙasa. Amma Azbin tana da nisa, hanyarta kuma ba ta kowa ba ce a wannan zamani.

Wurin da ya fi kusa da mutumin Cadakori shi ne Gadabeji, a gundumar Bermo da aka cire daga Dakwaro, arewa da kwarin Tarka. A 1955, tun zamanin mulkin Faransa, aka keɓe hekta 76,000 na wannan daji aka haramta farauta a cikinsa, a lokacin da mariri da mena da jimina da raƙumin dawa ke yawo a wurin. Mariri babbar dabba ce fara, mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya kamar baka, wadda fatarta ce Abzinawa ke yin garkuwa da ita. Haramcin da ke kan takarda bai iya tare abin da ya biyo baya ba, domin farin 1973 da 1974, da na 1984 wanda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari, sun haɗu da bindigar zamani da motar da ke iya bin dabba har numfashinta ya ƙare, suka share manyan namun dajin ɗaya bayan ɗaya. Raƙumin dawa ya ɓace daga Gadabeji a shekarun 1970. Mariri kuwa ya ƙare a dukan dazuzzukan Afirka, har aka ayyana a shekarar 2000 cewa babu shi sai a gidajen ajiyar dabbobi, kafin a fara mayar da shi dajin Cadi a 2016.

Labarin raƙumin dawa ya bi wata hanya dabam, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Irin na Afirka ta Yamma, wanda zanen jikinsa ya fi na gabashin Afirka haske, ya taɓa bazuwa daga Senegal har tafkin Cadi, amma a ƙidayar 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya, dukansu a yankin Kure da Dallol Boso, gabas da Yamai, suna kiwo a tsakanin gonakin gero da wake na Zabarmawa. Kariyar gwamnati da haƙurin manoman da suka jure ɓarnar da yake yi musu suka sa adadin ya haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai. Masana suka ga cewa tara iri guda a wuri guda kasada ce, domin annoba ɗaya ko fari ɗaya na iya tafiya da shi duka, sai aka yanke shawarar kafa garke na biyu. A watan Nuwamba na 2018 aka kama guda takwas a Kure, aka ɗora su a manyan motoci suna tsaye, aka yi tafiyar kilomita kusan 800 da su zuwa Gadabeji, aikin da hukumar gandun daji ta Nijar ta yi tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund. An ƙara wasu huɗu a 2022, kuma garken ya fara haihuwa a sabon mazauninsa, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga dabbar da ke ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa guda. Shekara ɗaya kafin zuwan na farko, wato a 2017, UNESCO ta amince da Gadabeji a matsayin gandun da mutum da dabba ke zama tare bisa tsari, mai faɗin hekta fiye da miliyan 1.4, inda tsakiyarsa ke ƙarƙashin cikakkiyar kariya, kewayensa kuma Fulani da Buzaye ke ci gaba da kiwo da shayarwa.

Yinin mai kallon namun dawa da bazara yana farawa ne da sallar asuba, saboda sa'o'i uku na farko su ne kaɗai rana ke barin mutum ya yi tafiya mai tsawo, su ne kuma lokacin da dabba ke kiwo kafin ta nemi inuwa. Abin da ake fara karantawa shi ne ƙasa. Rairayin safiya yana riƙe da sawun duk abin da ya gitta da dare, kuma mai ido yana bambanta kofaton barewa, siriri mai tsini, da na akuya mai faɗi da dakushewar baki, yana gane sawun dila da ya miƙe a layi ɗaya da na yanyawa, wato ƙaramin karen daji mai manyan kunnuwa da ke yini a rami, yana kuma iya faɗin ko sawun na daren jiya ne ko na shekaranjiya ta duban yadda iska ta cinye gefensa. Ana tafiya ne iska tana bugun fuska, don kada ta kai wa dabba warin mutum, ana rage magana, ana tsayawa fiye da yadda ake tafiya. Barewar Gadabeji ƙarama ce, launinta launin rairayi, tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba domin tana samun laimar da take bukata daga ganye da 'ya'yan itace, saboda haka ba a bakin rijiya ake jiranta ba, a gindin aduwa da magarya da anza ake dubanta. Sau da yawa ita ke fara ganin mutum, kuma abin da zai samu shi ne farin bayanta yana tsalle tsakanin tuddai.

Kafin hantsi ya ɗaga, tsuntsaye ne ke cika idon mai kallo. Tuji, babban tsuntsun ƙasa mai tafiyar ƙasaita wanda mafarautan ƙasashen waje suka yi wa mummunar illa a sahel, yakan ratsa fili yana tsintar fara, zabin daji su watse da ƙara, cilakowa ta bi rassa da dogon bakinta. A kan manyan itatuwa ungulaye ke sheƙa, kuma duk mai ganin ungulu a matsayin ƙazamar tsuntsuwa ya kamata ya san cewa ita ce ke kwashe mushe kafin ya zama cuta ga garke, kuma yawanta ya ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma saboda guba da cinikin sassan jikinta a kasuwannin magani. Jan biri ma yana nan, mai dogayen ƙafafu, wanda ya fi son gudu a ƙasa da hawan bishiya. Raƙumin dawa kuwa, duk tsawonsa da kan haura mita 5 a wajen namiji, yana iya tsayawa a bayan ƙandili mutum ya wuce bai lura ba, sai kunne ya motsa ko wuya ya juya. Kallonsa yana zare ganye daga tsakanin ƙayoyi da dogon harshensa, ba gaggawa ba tsoro, yana cikin abubuwan da bayani ba ya isar da su, gani ya kori ji.

Daga walaha zuwa bayan azahar daji yakan yi tsit. Kawalwalniya tana rawa a kan fako, guguwa tana tashi ta murɗa ƙura ta faɗi, dabba da mutum kowa ya nemi inuwa, kuma tafiya a wannan lokaci ganganci ne da kan kai ga halaka. Alamomin bugun rana su ne ciwon kai da jiri da ɗaukewar gumi da rikicewar magana, kuma wanda suka bayyana gare shi a kai shi inuwa a jiƙa jikinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a nemi asibiti ba tare da jinkiri ba. Makiyayi ya san wannan tun yana yaro, shi ya sa yake naɗa rawani ya ɗora malfa, ya sa riga mai yalwa, ya rataya salka wadda ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da take yi. Takalmi rufaffe ya fi fade a wannan daji, saboda ƙarangiya da kuma kububuwa da ke lafewa a gindin ciyawa. A sa'o'in nan na zaman inuwa ne ake fahimtar darajar gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa, yana ganye da rani yana kaɗe shi da damina, 'ya'yansa kuma suna zuba daidai lokacin da dabba ba ta da abin ci. Raƙuman dawan Kure da shi suke rayuwa da rani, kuma manomin Gobir ya riga kowane masani sanin cewa geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau.

Da la'asar sakaliya iska takan sassauta, dabbobi su sake fitowa, haske ya kwanta a gefe ya fito da launin kowane abu, kuma yawancin masu kallo sun fi samun rabonsu a wannan ɗan lokaci. Ana komawa masauki kafin almuru, domin dare na kunama ne da bushiya da dila mai kuka daga nesa.

Duk abin da aka lissafa na karatun sawu da bin iska da sanin itacen da kowace dabba ke so, ilimin mahalba ne, kuma kuskure ne a ɗauki mahalbin gargajiya a matsayin abokin gaban namun daji. A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi farauta tana da shugabanni da ƙa'ida da lokaci, ba a shiga daji sai an yi buɗin daji bayan kaka, wanda ke nufin akwai watannin da dabba ke hayayyafa ba mai taɓa ta, tsarin da ya riga dokar farauta ta 1998 da ƙarnuka. Abin da ya karya wannan tsari shi ne farautar mota da ta kasuwa, da kuma faɗaɗar gonaki har daji ya rasa inda zai tsaya. Mahalban da suka rage tsofaffi ne, 'ya'yansu sun tafi ci-rani, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu yakan tafi da sunayen ciyayi da halayen dabbobi da ba a rubuta ba. Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan ilimi ita ce a mai da shi sana'ar da ke ciyar da mai ita, a ɗauki mahalbi da makiyayi su zama 'yan rakiya da masu sa ido a gandu, a biya su, a haɗa su da matasan da za su koya.

Ba sai an kai Gadabeji ba ne ake fara koyon kallo. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka fara gyaran tohon kututture maimakon sare shi, aikin da ake kira sassaben zamani, itatuwa suka dawo gonaki a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kansa har baƙi na zuwa koyo. Inda sabara da kalgo da gawo suka dawo, kurege da zomo da bushiya da fakara sukan sami mafaka, tsuntsaye su sami wurin sheƙa. Yaron Cadakori da malaminsa ya fita da shi bayan gari da sassafe, ya nuna masa sawu biyar ya faɗa masa sunan mai kowanne, ya riga ya shiga wannan fanni. Tafkin Madarunfa ma yana kusa, inda tsuntsayen ruwa ke taruwa, har da baƙin da ke zuwa daga Turai su yi ɗari a nan su koma a Maris da Afrilu.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. A ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya, lamarin da ya durƙusar da ziyarar raƙuman dawa da abincin iyalan da suka dogara da ita. Kudancin Gidan Rumji da Madarunfa, har da dajin Baban Rafi da giwaye kan shigo a dā, yana fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Saboda haka mai niyyar zuwa Gadabeji sai ya nemi izinin ma'aikatan gandun daji, ya ji shawarar hukuma game da hanya, ya tafi da rakiyarsu. Wannan hali ya kuma nuna raunin dogara ga baƙon waje, wanda labari ɗaya na tashin hankali ke hana shi zuwa shekaru. Gandun da ɗaliban Maraɗi da Tibiri da Dakwaro ke ziyarta, wanda majalisun ƙananan hukumomi ke ware wa kuɗin mota sau ɗaya a shekara, wanda limamai da sarakuna suka taɓa gani da idonsu, shi ne zai sami masu tsaya masa ranar da wani mai iko ya zo da bindiga ko ya nemi a yanka masa gona a ciki.

Ƙarshen wannan lokaci na kallo yana da alamarsa. A wajajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu shamuwa takan iso daga kudancin Afirka ta ɗora sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari, inda ba mai jifanta, iska ta juya ta fara busowa daga kudu maso yamma da laima a cikinta, gawo ya soma zubar da ganye. Kunkurun da ya shafe watannin zafi a cikin rami yakan fito da ruwan farko, damo ma haka, barewa ta bar gindin aduwa ta bazu cikin sabuwar ciyawa inda ganinta ke wuya, makiyaya su kama hanyar arewa da garkunansu, manomin Cadakori kuma ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri ya nufi gona.